Tsatson uwa: abin da DNA ɗin mitokondiriya ke faɗa kan mutanen kwarin Rima

A Argungu da Birnin Kebbi, idan aka tambayi asalin mutum, ubanni ake jerowa: wane Bakabe ne jinin Kanta, wane Bafulatanin Gwandu. Masana ƙwayoyin gado kuwa suna da hanyar da ke bin uwa kaɗai.

A kusan kowace ƙwayar halittar jiki akwai ƙananan sassa masu samar da kuzari, ana kiransu mitokondiriya. Suna da nasu DNA mai haruffa 16,569, wanda uwa ke gadar wa 'ya'yanta maza da mata, amma na ɗa namiji a kansa yake tsayawa. Jefi-jefi harafi ɗaya kan sauya, kuma da waɗannan sauye-sauyen ake rarrabe rassan zuri'a da ƙiyasta shekarunsu. A 1987 Rebecca Cann da Mark Stoneking da Allan Wilson suka gwada mutum 147, suka nuna cewa tsatson uwa na dukkan 'yan Adam a Afirka ya haɗu.

Akasarin mutanen Afirka ta Yamma suna cikin rassan L1, L2 da L3, kuma rassan sun girmi kowace ƙabila da dubban shekaru. Binciken Viktor Černý da abokansa na 2006 kan Fulani makiyaya a Chadi, Kamaru da Burkina Faso ya gano cewa mafi yawan tsatsonsu na uwa na Afirka ta Yamma ne, sai kaso kaɗan, kamar reshen U5, da ke da alaƙa da Arewacin Afirka da Turai. A 2009 suka danganta reshen L3f3, mai kimanin shekara 8,000, da masu harsunan Cadi, dangin da Hausa ke ciki.

Tarihin Kabi ya isa ya bayyana dalilin cakuɗuwa. Bayan Birnin Kebbi ta faɗa hannun mayaƙan jihadi a 1805, Kabawa suka kafa sabuwar cibiya a Argungu, aka shafe shekaru ana gwabzawa da Gwandu da Sakkwato. Mata sun riƙa ƙetare wannan iyaka ta aure, ta kamun yaƙi, ta sa-ɗaka, 'ya'yansu kuma suka ɗauki ƙabilar uba. Ga Zabarmawa da Arawa da Sarkawa masunta, duk a bakin gulbi ɗaya.

Sai dai awon yana da iyaka, kuma masu muhawarar "Hausa zalla" a Facebook sukan tsallake ta. Idan aka koma baya zuri'a goma, gurbin kakannin mutum 1,024 ne. Mitokondiriya mace ɗaya take nunawa daga cikinsu. Ba ta faɗin harshen da matar ta yi, balle sarkin da ta bi. Samfurin Hausawa da Elizabeth Watson ta wallafa a shekarun 1990, wanda aka daɗe ana kafa hujja da shi, na mutum 20 ne kacal.