Daga Fulus zuwa Bitcoin: Tarihin Mas'alar Sauyin Ƙimar Kuɗi Tsakanin Ƙulla Ciniki da Biya

A watan Disamba na shekarar 2017 kamfanin Valve na Amurka, mai dandalin sayar da wasannin kwamfuta da ake kira Steam, ya sanar da daina karɓar Bitcoin, bayan ya fara karɓarsa a watan Afrilu na 2016. Dalilan da ya bayar guda biyu ne. La'adar aika kuɗin ta tashi daga kusan santi 20 zuwa kusan dala 20. Sannan farashin da ake yanka wa mai saye na ɗan lokaci ne, idan biyan bai tabbata cikinsa ba sai ƙima ta sauya, a nemi ciko daga gare shi ko a mayar masa da rara, kuma kowace aikawa da tata la'adar. Wanda ya karanta Babin Sarfu zai gane wannan matsala nan take, domin malaman fiƙihu sun shafe fiye da shekara dubu suna tattauna ta.

Asalinta fulus ne, wato ƙananan kuɗin tagulla da ake sayayyar yau da kullum da su a gefen dinari da dirhami. Darajar fulus ba a jikinsa take ba, tana ga karɓuwarsa wurin mutane da umarnin sarki. An ruwaito a cikin Mudawwana cewa Imamu Malik ya ƙi a sayar da fulus da zinariya ko azurfa bisa jinkiri, har ya ce da mutane za su mai da fata kuɗi a tsakaninsu, da hukuncinta ke nan. Ma'ana, abin lura shi ne aikin da abu yake yi a kasuwa.

To, idan an ƙulla ciniki da fulus, kafin a biya sai ya daina ci ko darajarsa ta faɗi fa? Imamu Abu Hanifa ya tafi a kan cewa cinikin ya ɓaci idan kuɗin ya daina ci gaba ɗaya. Almajirinsa Abu Yusuf ya ce a biya ƙimarsa ta ranar ciniki, kuma ya faɗaɗa wannan ga tsada da araha. Mashahurin zance a mazhabar Malikiyya, kamar yadda Shehu Halil ya tsara a Muhtasar, shi ne a biya kwatankwacin adadin da aka ambata, ba a komawa ga ƙima sai idan kuɗin ya ɓace. Daga baya Ruhuni ya togace faɗuwa mai muni, wadda ke barin mai karɓa kamar bai karɓi komai ba. Wannan saɓani daga kasuwa ya taso. A shekarar 808 bayan Hijira, Maƙrizi ya rubuta littafinsa Igasatul Umma, inda ya lissafa yawan buga fulus cikin musabbaban tsadar da ta tagayyara mutanen Misira.

Ƙasar Hausa ma ta ɗanɗana irinta. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, kuma wuri ba sarkin da ya buga shi, daga tsibiran Tekun Indiya ake kawo shi. A tsakiyar ƙarni na 19 'yan kasuwar Turai suka fara jibge wurin gabashin Afirka a gaɓar teku, darajarsa ta yi ta zubewa har dakonsa ya kusa cinye shi, kafin Turawan mulki su hana shigo da shi. Wannan kaɗai ya isa ya raunana hujjar mai cewa abin da hukuma ba ta buga ba ba zai zama kuɗi ba.

Da kuɗin takarda ya zama ruwan dare, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta ba shi hukuncin zinariya da azurfa a 1986, a 1988 ta ce bashi ana biyansa da kwatankwaci, a 1990 kuma ta amince cewa shigar da kuɗi asusu karɓa ce a hukunce, tare da rangwamen jinkirin da aka saba.

Bitcoin ya fara aiki a 2009. Hukumar addini ta Turkiyya a ƙarshen 2017, sannan Muftin Misira na wancan lokaci, Shauƙi Allam, sun hana mu'amala da shi saboda garari da rashin mai lamuni. Majalisar Malaman Indunusiya ta haramta amfani da shi a matsayin kuɗi a 2021, alhali kwamitin shari'a na hukumar hannun jarin Maleshiya ya halatta cinikinsa tun 2020. Sai dai mafi yawan waɗannan fatawoyi sun fi karkata ga tambayar ko kuɗi ne ko ba kuɗi ba. Haƙƙin mai saye bai samu irin wannan kulawa ba.

Wanda ya biya kuɗin rajistar wani aiki na intanet da kirifto, a zahiri ƙulle biyu ya yi. Farashin da dala aka yanka shi, wani kamfani na tsakiya, kamar BitPay da Steam ya yi amfani da shi, ya canja kuɗin, sannan a ba shi amfanin da ya haya. Na farko musayar kuɗi ce, wadda Malikiyya suka fi kowa tsanantawa kan hannu da hannu a cikinta, ga shi kuwa tabbatar biya a Bitcoin na ɗaukar kimanin minti goma, wani lokaci sa'o'i. Na biyu ijara ce, mai haya yana da zaɓin warwarewa idan aibi ya bayyana. Idan ya warware bayan wata guda, me za a mayar masa, adadin da ya aika ko ƙimarsa da dala? Saɓanin Abu Yusuf da Halil ke nan ya dawo, sai dai a yau sharuɗɗan da kamfani ya rubuta shi kaɗai ne ke yanke hukunci.

A zamanin fulus akwai muhtasibi a kasuwa, akwai alƙali. A nan kuwa kuɗin da aka aika ba ya dawowa sai da yardar wanda ya karɓa, kuma sau da yawa yana wata ƙasa. Dokoki ma ba su zauna ba. Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna hulɗa da kirifto a Fabrairun 2021, ya sassauta a Disambar 2023, sannan dokar zuba jari ta 2025 ta sanya kadarorin nan ƙarƙashin hukumar hannun jari. Matsayin kadara aka ba su, naira ce kaɗai kuɗin da doka ta wajabta karɓa, don haka mai sayen da aka zalunta ba shi da madogara mafi ƙarfi daga abin da aka shardanta tun kafin ya aika.