Daga lagwanin fitila zuwa kanwar Muniyo

Kowa ya san ruwa gangare yake bi. Amma duk wanda ya yi karatun dare da fitilar ƙwai a ƙauyukan Alakos ya ga akasin haka: kananzir yana ƙasa, wuta tana sama, lagwani yana kai mata abincinta. Haka shayi yake hawa cikin curin sukari idan an tsoma gefensa kaɗai. Da Faransanci ana kiran wannan hali capillarité, daga kalmar Latin mai nufin gashi, domin a kafofi masu sirantaka kamar gashi yake faruwa: ruwa yana manne wa bangon kafar, yana jan ɗan'uwansa sama. A shekarar 1718 likitan Ingila James Jurin ya nuna cewa gwargwadon ƙuncin kafa, gwargwadon nisan hawan ruwa. A 1806 Laplace na Faransa ya ba abin lissafinsa.

Mutanen ƙasarmu kuwa sun daɗe suna cin abinci da wannan hali. A kudancin Gure, cikin kwarurrukan Muniyo da Manga, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa. Idan rani ya yi, sai ya hau ta tsakanin ƙwayoyin ƙasa kamar yadda mai yake hawa lagwani. Rana ta shanye ruwan, abin da ya narke cikinsa ya daskare a sama, fari fat. Wannan ita ce kanwa. Ana kankare ta, ana kuma tace ƙasar a dafa ruwanta a fitar da manda. A ƙarni na 19 fatake sun riƙa kai su Damagaram da Kano, kuma sarakunan Muniyo, waɗanda ke ƙarƙashin Barno, sun ci moriyar harajinsu. Heinrich Barth, da ya ratsa ta Gure a 1852, ya ga tafkunan kanwar yankin da idonsa.

Sai dai abin da ya azurta kakanni yana iya tsiyata jikoki. Hawan da ke ba mu kanwar dahuwar wake da ta lasar dabbobi, shi ne ke tara gishiri a lambunan kwari har shuka ta ƙone, shi ne kuma ke cinye gindin katangar ƙasa. Saboda haka, malami, ka shiga aji da tsumma, da kofi biyu, da ɗan dunƙulen kanwa. Ka bar ruwa ya bi tsumman daga wannan kofi zuwa wancan, sa'an nan ka tambayi yara inda kanwar ta fito.