Dokar bayar da kwangila a asibitin koyarwa na jiha: Misalin Barau Dikko

Dokar da ke tafiyar da kwangila a asibitin koyarwa ta dogara ne ga wanda ya mallaki asibitin. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika mallakar Gwamnatin Tarayya ne, don haka suna bin Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP. Shi kuwa Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, inda ɗaliban likitanci na Jami'ar Jihar Kaduna ke samun horo, na jiha ne. Dokar Jihar Kaduna ta 2016, wadda ta kafa hukumar KADPPA, ita ke hukunci a kansa.

Sai dai akwai togaciya. Dokar tarayya tana hawa kan duk aikin da aƙalla kashi 35 cikin 100 na kuɗinsa ya fito daga asusun Gwamnatin Tarayya, ko da a asibitin jiha ake yin sa.

Yadda ake bayar da kwangila

Ginshiƙin dokokin biyu shi ne gasa a fili. Dole aikin ya kasance cikin kasafin kuɗi, a tallata shi, masu nema su miƙa takardunsu a rufe, sannan a buɗe su a gaban jama'a. Ba mafi araha kaɗai ake dubawa ba. Ana zaɓar mafi sauƙin farashi ne daga cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. Wannan na da muhimmanci a asibiti, domin na'urar ɗaukar hoto mai araha da ba ta da kayan gyara asara ce ga majinyata. Manyan kwangiloli kuma sai hukuma ta ba da takardar amincewa kafin a sa hannu.

An yarda a tsallake gasa a halin gaggawa, kamar ɓarkewar annoba, amma da rubutacciyar hujja.

Abin da ɗan kasuwa ke bukata

Mai son shiga sai ya tanadi rajistar kamfani ta CAC, da takardar shaidar biyan haraji, da rajistar ɗan kwangila a jihar. Mai kawo magunguna kuma sai da lasisin hukumar kula da harhaɗa magunguna, kayansa kuma su kasance masu rajistar NAFDAC.

Laifuka da hukunci

Rarraba kwangila ɗaya gida-gida don kauce wa sa ido, da haɗa baki kan farashi, da gabatar da takardun bogi duk laifi ne. A dokar tarayya, ma'aikacin gwamnati da aka samu da laifi zai sha ɗaurin aƙalla shekara 5 ba tare da zaɓin tara ba, kuma a kore shi daga aiki. Kamfani kuwa za a hana shi kwangila na aƙalla shekara 5, ya kuma biya tarar kashi 25 cikin 100 na darajar kwangilar.

Wanda ya ga an tauye masa haƙƙi yana iya kai ƙorafi a rubuce ga shugaban asibitin, daga nan zuwa hukuma, sannan kotu.