Kamfanin ya rushe a 1994, amma har yau ana yi wa kwamfutarsa sabbin gem 🧵

1/ Jama'a, zaren yau a kan wata kwamfuta ne da ta fito a 1982. Kamfanin da ya ƙera ta ya karye tun 1994, amma har gobe akwai masu zama su rubuta mata sabbin gem, a saka a kwali mai kyau, a sayar, mutane kuma su saya da kuɗinsu. Sunanta Commodore 64. Zaren da ɗan tsawo, ku gyara zama.

2/ Ku fara sanin girman abin tukuna. Memorinta kilobait 64 ne, daga nan ta samo sunan. In wayarka mai RAM 4GB ce, ta ninka ta sau 65,536. Hoton biki ɗaya da aka turo maka a WhatsApp, sau da yawa ba zai shiga cikinta ba. Furosesarta, MOS 6510, gudunta kusan megahaz 1 ne. Kala 16 kacal take iya nunawa.

3/ Mai kamfanin, Jack Tramiel, Bayahude ne haifaffen Poland da ya tsira daga sansanin Auschwitz, ya je Amurka ya fara da gyaran tafireta. Ɗan kasuwa ne mai zafin nama. A 1976 ya sayi MOS Technology, masu ƙera cif, don haka abin da wasu ke saye da tsada shi a gida yake yin abinsa.

4/ An nuna C64 a Las Vegas a Janairun 1982, ta shiga kasuwa a watan Agusta a kan dala 595. Daga nan Tramiel ya dinga karya farashi har ta sauko wajen dala 200 a 1983. Texas Instruments ya kasa jurewa, ya tattara ya bar kasuwar kwamfutar gida. Ƙiyasin C64 da aka sayar yana tsakanin miliyan 12.5 da miliyan 17.

5/ A Ingila kuma tana da kishiya, ZX Spectrum ta Clive Sinclair, Afrilun 1982. Fam 125 mai kilobait 16, fam 175 mai 48. Maɓallanta na roba ne, sautinta kamar kukan gyare. Amma da arha, iyaye na iya saye. Musun "tawa ta fi taka" tsakanin yaran Spectrum da na Commodore, ku ɗauka irin na Barca da Madrid ne a majalisa.

6/ Ba su da sikirin nasu, da talabijin ɗin gida ake jona su. Gem kuma a kaset yake zuwa, eh, kaset irin na waƙa. Ka saka, ka danna, ka zauna jira na mintuna yana ƙiiii, in ya kuskure a tsakiya ka mayar baya ka sake daga farko.

7/ Tunda manhaja sauti ce a kan kaset, ana iya watsa ta a rediyo. An yi kuwa. A Belgrade akwai shirin Ventilator 202 da ke sakin wannan ƙarar a iska, yara su ɗauka a rikoda, su saka wa kwamfuta, sai ga gem. Saukar da manhaja ba data, a shekarun 1980 fa.

8/ Yanzu ga abin da nake ganin shi ne tushen labarin duka. In ka kunna C64, ba wani gumaka ko manhajoji da za ka gani. Shuɗin allo ne, da kalmar READY, da ɗan ɗigo yana ƙiftawa. Yaren BASIC ne ke jiran ka. Wato tun daga sakan na farko injin yana ce maka "rubuta min umarni". Littafin da kamfanin ya buga wa masu rubuta manhaja har da zanen wayoyin cikinta a ciki. Ba abin da aka ɓoye.

9/ Shi ya sa yara 'yan sakandare suka zama masana'anta. Matthew Smith yana ɗan shekara goma sha ya rubuta Manic Miner wa Spectrum a 1983. Mujallu kan buga kod shafi-shafi, ka zauna ka kwafa da hannu, harafi ɗaya ya kauce komai ya tsaya. A wajen neman kuskuren nan da yawa suka koyi sana'ar.

10/ Faɗuwar ba sai na ja ta ba. Sinclair ya sayar wa Amstrad a 1986 a kan fam miliyan 5. PC da Nintendo da Sega suka kwashe kasuwa. Commodore ya karye a Afrilun 1994. Manyan kamfanonin gem suka tafi, mujallun suka rufe ɗaya bayan ɗaya.

11/ Waɗanda suka rage su ne, abin dariya, 'yan fasa gem. Tun a shekarun 1980 akwai ƙungiyoyin matasa a Jamus, Suwidin, Holan da sauransu masu cire kariyar kwafi daga gem, su liƙa sunan ƙungiyarsu a gaba da ɗan rubutu mai rawa da kiɗa. A hankali gasar ta koma kan wannan gabatarwar, wa zai fi burgewa. Gem ɗin ma aka daina damuwa da shi. Daga nan aka sami abin da ake kira demosin.

12/ Su ne suka tona injin har ƙasa. Misali: cif ɗin hoto na C64, VIC-II, hotuna masu motsi takwas kawai yake iya riƙewa, irin gogan wasa, abokan gaba, harsashi. Amma talabijin na zana hoto ne layi-layi daga sama zuwa ƙasa. To da zarar an gama zana hoto na ɗaya a sama, sai ka yi wuf ka sauya masa wuri zuwa ƙasa kafin zanen ya iso can. Ido ya ga 20 ko fiye, alhali takwas ɗin nan ne ke ta kai-komo.

13/ Akwai kuma bakin allo, wani faffadan firam da kamfani ya ce ba a iya zana komai a ciki. Sai aka gano in ka sauya saitin allo daga layi 25 zuwa 24 a daidai lokacin da cif ɗin zai duba ko ya isa baki, sai ya wuce wurin bai gani ba, ya manta bai rufe ba. Firam ya buɗe. Injiniyoyin da suka ƙera shi ba su tsara haka ba.

14/ Kuma "daidai lokacin" ɗin nan ba wasa ba ne. A injinan Turai, kowane layi na allo bugu 63 ne na furosesa, layuka 312, sau 50 a sakan. Mutanen nan ƙirga bugun suke yi ɗaya-ɗaya. Ka makara da bugu ɗaya, hoto ya wargaje.

15/ Sauti ma haka. Cif ɗin SID da Bob Yannes ya tsara murya uku ce da shi. Uku! Su Rob Hubbard da Martin Galway suka riƙa juya murya ɗaya da sauri tana yin ganga tana yin garaya a kusan lokaci guda. Akwai taskar da masoya ke tarawa, High Voltage SID Collection, kiɗa sama da 50,000 a ciki, kuma ana ƙarawa.

16/ To ku haɗa lissafin. Injin ya tsaya cak tun 1982, bai ƙaru ba bai ragu ba. Sanin da ake da shi a kansa kuwa shekara 40 yana taruwa. Wanda ya rubuta gem a 1985 yana da wata uku ko huɗu da maigida a kansa. Na yau yana da duk dabarun demosin, yana rubutawa a laftof, ya gwada nan take a manhajar kwaikwayo, ba mai matsa masa. Sakamakon: wasu gem na yanzu sun fi na zamanin da injin ke tashe kyau, a kan ƙarfe iri ɗaya.

17/ Prince of Persia na Jordan Mechner ya fito a Apple II a 1989, amma C64 ba ta taɓa samun nata a kasuwa ba. A 2011 wani mai laƙabin Mr. SID ya zauna ya yi shi. Shekara 22 bayan fitowarsa. Shi ne kuma ya kawo Sonic a 2021, ko da yake wannan sai an ƙara wa injin memori ta baya.

18/ Wanda ya fi girgiza mutane shi ne Sam's Journey, Disambar 2017, na ƙungiyar Knights of Bytes, kamfanin Protovision na Jamus ya buga. Sabon gem ne fil, ba kwafin wani ba. Allo na tafiya ta kowane ɓangare sumul, gogan na sauya kaya yana samun sabon ƙarfi. Ku nemi bidiyonsa, sannan ku tuna megahaz 1.

19/ Akwai Sarah Jane Avory, wadda ta yi aikin gem tun da can, ta dawo ta fitar da Briley Witch Chronicles a 2021, dogon gem mai labari. Akwai David Murray na tashar The 8-Bit Guy a YouTube, ya yi Planet X2, ya kuma yi Attack of the PETSCII Robots, wanda asali ma don Commodore PET ya rubuta shi, yayar C64 ta 1977.

20/ Ba kullum ake wanyewa lafiya ba. Wani mai laƙabin ZeroPaige ya shafe shekara bakwai yana ɗora Super Mario Bros a kan C64. Ya sake shi kyauta a Afrilun 2019. Kwanaki kaɗan Nintendo ya aika takardar lauya aka sauke shi daga shafuka. A doka Mario nasu ne, ba musu. Amma ni dai ban ga kwabon da suka yi asara ba a kan injin da aka daina ƙerawa shekara 25 kafin nan.

21/ Af, tunda an ambaci Mario. Gem ɗin nan na talabijin mai katirij rawaya da aka rubuta 9999999 a jiki, ka kunna ka ga gem biyar ne ake ta maimaitawa, da bindigar harbin agwagwa? Kwafin Famicom ne na Nintendo, kuma furosesarsa 'yar gidan 6502 ce, dangi ɗaya da ta C64. Shi ma ana yi masa sabbi: Micro Mages na 2019, kilobait 40, daidai girman Mario na asali, mutum huɗu na bugawa tare.

22/ Ita Spectrum ta wata hanya ta rayu. Da yake kayan cikinta masu sauƙi ne, a Tarayyar Sobiyet mutane suka riƙa haɗa kwafinta da hannu, irin su Leningrad da Pentagon, har cikin shekarun 1990 ana yi mata gem a can. A Barazil, inda doka ta takaita shigo da kwamfuta, kamfanin Microdigital ya yi tasa, TK90X, a 1985.

23/ Daga yaran Barazil ɗin nan aka sami su Victor Trucco da Henrique Olifiers, waɗanda suka kawo ZX Spectrum Next. Rick Dickinson, wanda ya zana jikin ta asali, shi ya zana wannan ma, ya rasu a 2018 kafin ta isa hannun mutane. A Kickstarter sun tara sama da fam 700,000 a 2017, zagaye na biyu a 2020 sama da fam miliyan 1.8.

24/ Za ku ce ai kewar ƙuruciya ce kawai ta dattawan Turai masu kuɗi. Akwai gaskiya a ciki. Yawancinsu maza ne da suka haura 45, wasu ma sayen kwalin suke su jera a kanta ba su taɓa buɗewa ba, sun sa farashin tsofaffin injina ya yi tashin gwauron zabi. Amma kewa ba ta sa mutum ƙirga bugun furosesa na shekara bakwai. Abin da ke riƙe su shi ne inji ne da mutum ɗaya zai iya saninsa gaba ɗaya, daga farko har ƙarshe. Wayarka fa? Ko wanda ya ƙera ta bai san rabinta ba.

25/ Ga kuma batun mallaka. The Crew na Ubisoft ya fito a 2014, a ƙarshen Maris 2024 aka kashe sabarsa, duk wanda ya saya ya tashi a tutar babu. Wannan ya haifar da gangamin Stop Killing Games, da ya tara sa hannu sama da miliyan 1 a Tarayyar Turai a 2025. Kaset ɗin 1983 kuwa, in bai lalace ba, yau ma zai tashi, bai neman izinin kowa. Ku duba gem ɗin da ke wayarku, nawa ne za su buɗe ranar da kamfanin ya gaji?

26/ Hukumomi ma sun fara lura. Finland ta saka demosin cikin jerin al'adun gado na ƙasa a 2020, Jamus ta bi a 2021. Abin da ya faro daga yara masu satar gem.

27/ Matsalar da ke gaba ta ƙarfe ce. Ba a ƙera SID ko VIC-II yanzu, duk wanda ya ƙone ya tafi. Tsohuwar cajar C64 in ta tsufa takan saki wuta fiye da kima ta soya memori, shi ya sa masu abin ke gargaɗin kada a jona ta. Ana maye gurbin cif ɗin da na zamani masu kwaikwayonsu, ana saka katin SD a madadin faifai. Zilog ma ya daina ƙera Z80, furosesar Spectrum, a 2024, bayan shekara 48. Jikar 6502 dai, W65C02S, har yanzu ana yin ta sabuwa.

28/ Mai son gwadawa ba sai ya sayi komai ba. VICE na kwaikwayon C64, Fuse na kwaikwayon Spectrum, duka kyauta, kuma tsohuwar laftof ma ta ishe su. Sabbin gem da yawa suna itch.io, wasu kyauta wasu 'yan daloli. In shuɗin allon ya fito, rubuta 10 PRINT "SANNU", sai 20 GOTO 10, sai RUN. Maɓallin RUN/STOP ne ke tsayar da shi, a VICE galibi yana kan Esc.