Daga kwalkwali zuwa hular kwano

1/ Jiya a Gummi na ga yara suna wasa da babur a rakiyar ango, ana tada ƙafar gaba, kai tsirara. Na ce wa ɗaya ya sa hular kwano, ya ce "Yaya, ai ta matsorata ce." To ku zo mu ɗan koma baya.

2/ Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Barade ke sa su fa, ba ragwaye ba.

3/ Lifidi riga ce da ake cusa wa audugar rimi, a sa wa doki da mahayinsa. Cushen nan ke shanye bugu. Aikin da farin soso mai tauri na cikin hular kwano ke yi ke nan.

4/ Ranar 1 ga Janairun 2009 hukumar FRSC ta fara tilasta sa hular. A Kano har ƙwarya wasu 'yan acaɓa suka kifa. Mun yi dariya, amma ƙwarya ba ta da cushe, haka ma hular magina da wasu 'yan kabu-kabu ke sawa.

5/ In za ka saya, duba kaurin soson, ta kama kai ba ta rawa, igiyar haɓa ta ɗauru. Wadda ta taɓa buguwa da ƙasa a hatsari kar ka karɓa ko kyauta, sosonta ya riga ya mutu ko da bayanta na sheƙi.