Muhammadu al-Katsinawi da Gardamar Malamai a kan Ilmin Asirai

A shekarar 1741 wani malami Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, ya rasu a Alƙahira, a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, wanda ya bar wa wasiyyar littattafansa. Ɗan mai gidan, watau Abdurrahman masanin tarihin Masar, shi ya adana labarinsa, ko da yake ba a haife shi ba sai bayan rasuwar baƙon. Abin da ya fitar da sunan wannan malami kuwa shi ne fannin da malamai da yawa suke ɗari-ɗari da shi: hatimi da ɗalasimai da taurari da sirrin haruffa.

Littattafansa biyu sun fi shahara. Bahjat al-Afaƙ yana bayanin yadda ake gina hatimi, ana jera lambobi cikin gidaje ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Mafi ƙanƙantarsa shi ne mai gida tara, wanda kowane layinsa ke ba da 15. Wannan lissafi ne tsantsa, har masu tarihin lissafi a Afirka suna ambatonsa saboda shi. Na biyun, al-Durr al-Manzum, shi ne mai ƙura, domin ya tsamo shi ne daga al-Sirr al-Maktum, littafin da ake jingina wa Fakhruddin al-Razi a kan taurari da ɗalasimai.

Jingina da al-Razi ba a banza ba ne. A tafsirinsa na ayar Haruta da Maruta, al-Razi ya tafi a kan cewa sanin sihiri ba haramun ba ne, domin ilmi abu ne mai daraja a kan kansa, kuma wanda bai san sihiri ba ba zai iya rarrabe shi da mu'ujiza ba. Ibn Kasir ya yi masa raddi mai zafi. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya yi dogon bayani a kan waɗannan fannoni a cikin Muƙaddima, sa'an nan ya hana su, har da ilmin haruffa da waɗansu sufaye suka riƙa, wanda ya ga cewa sihiri ne ya sake riga.

A ƙasar Hausa, inda mazhabar Maliku ke aiki, hukuncin mai sihiri kisa ne, kamar yadda kowane almajirin Risala ya karanta. Al-Maghili, a amsoshinsa ga Askiya Muhammadu na Songhai, ya tsananta a kan masu da'awar sanin gaibu ta bugun ƙasa ko duban taurari. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi wannan sawu a cikin Nur al-Albab, inda ya kafirta masu irin wannan da'awa, da masu rubuta sunayen Allah da jini ko a kan ƙasusuwan matattu. Sai dai a lura, abin da Shehu ya lissafa ayyuka ne da da'awowi, ba jera lambobi a takarda ba. Jikansa ma, Abdulƙadir ɗan Tafa (1804–1864), ya ambaci ilmin haruffa da hatimi cikin fannonin da ya karanta.

Ke nan gardamar ba tsakanin malamai da bokaye take ba. A cikin zauren karatu aka yi ta. Ɓangare ɗaya yana raba sani da aikatawa, ɗaya kuwa yana ganin katangar da ke tsakaninsu ta zana ce. Hujjar al-Razi tana da ƙarfi a bakin mai mantiƙi, amma tana da rauni a ƙofar gidan malami, don wanda ya zo da dare da kuɗi a hannu bai zo neman bambancin sihiri da mu'ujiza ba. Sarauta yake nema, ko mace, ko karya abokin gaba. Hausa kanta ta ware wa mai biyan irin wannan bukata suna dabam, malamin tsibbu, sunan da malamin karatu ba ya yarda a kira shi da shi.

Al-Durr al-Manzum dai bai tsaya a hannun almajirai zaɓaɓɓu ba. An buga shi a Masar a ƙarni na 20, ya shiga kasuwa, ya isa hannun duk mai kuɗin saye, ko yana da malami ko ba shi da shi.