Tuffa, Giya da Tarihin Baƙi a Amurka

Yawancinmu da ke zaune a nan Kudu mun san tuffa, wato aful, a matsayin kayan marmari mai tsada da ake shigowa da shi daga Afirka ta Kudu da Faransa, 'yan uwanmu kuma suna jera shi a faranti suna sayarwa a Legas da Ibadan da Fatakwal. To yau ina so in ba ku tarihin wannan ɗan itace a Amurka, inda ya daɗe ana matse shi a yi giya fiye da yadda ake cin sa.

Asalin tuffa duwatsun Tiyan Shan ne na ƙasar Kazakistan. Turawan Ingila ne suka tsallaka da irinsa zuwa Amurka, an kuma dasa gonar farko a yankin Boston a shekarun 1620. Sai dai tuffa tana da wani hali. Idan ka shuka ƙwallonta, abin da zai fito ba zai yi kama da uwar ba, galibi ƙanana ne masu tsami da bauri. Mai son mai zaƙi sai ya yi mata aure, kamar yadda muke yi wa mangwaro. Baƙin da suka shiga daji ba su da halin wannan, don haka sai su niƙa mai tsamin, su matse ruwan, su zuba a ganga ya yi watanni har ya zama giya. Wani kuma a bar shi ya zama khal na adana abinci. A gidajen manoma da yawa wannan giya ita ce abin sha na kullum.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne sharaɗin da Kamfanin Ohio ya gindaya a 1792. Ya ce zai ba baƙo eka 100 kyauta a bakin daji, amma sai ya dasa bishiyar tuffa 50 da ta fic 20 cikin shekara uku. Dalili kuwa a fili yake: tuffar da aka shuka daga ƙwallo tana shekaru kafin ta yi 'ya'ya, wanda ya dasa ta ba mai wucewa ba ne.

Wani mutum mai suna John Chapman, wanda aka haifa a Masacuset a 1774, ya gane kasuwar da ke nan. Yakan je wuraren matsar tuffa ya kwashi ƙwallayen da aka zubar, ya riga baƙi isa dajin Pensilbaniya da Ohio da Indiyana, ya yi rainon dashe, idan sun iso ya sayar musu. Ya rasu a 1845. Yau 'yan makarantar Amurka sun san shi da laƙabin Johnny Appleseed, ba kasafai ake gaya musu cewa yawancin tuffarsa a ganga ta ƙare ba.

Amma fa wannan daji yana da masu shi. A 1779 sojojin Janar John Sullivan sun afka wa garuruwan ƙabilun Irokwa a jihar New York, suka ƙona hatsi, suka sare gonakin tuffa da 'yan ƙasar suka raina da hannunsu. Bishiyar da ta zama shaidar zama ga baƙo, ita aka sare don a tashi ɗan gida.

Giyar tuffa ta kai har siyasa. A zaɓen 1840 magoya bayan William Henry Harrison sun mai da bukkar katako da gangar giyar tuffa alamarsu, don a ce shi na talakawa ne, ya kuwa ci. Daga nan ta fara ja da baya. Jamusawa suka shigo da giyar sha'ir, mutane suka koma birane, masu yaƙi da shaye-shaye suka yi ƙarfi, har aka haramta giya daga 1920 zuwa 1933. Manoma suka koma ga tuffa mai zaƙi ta ci.

A 'yan shekarun nan sana'ar ta farfaɗo. Jihar New York ta yi doka a 2013 da ta ba ƙananan gonaki lasisin yi da sayarwa, yanzu mutanen birni kan fita ƙauye lokacin kaka, su zaga gona, su biya kuɗi su ɗanɗana a ƙananan kofuna. A nan sai a kula: a Amurka idan an rubuta cider kawai, yawanci ruwan tuffa ne zalla, hard cider ita ce mai sa maye. A Ingila da Afirka ta Kudu kuwa cider giya ce kai tsaye, irinta kuma tana cikin kantunanmu.

Ni dai sharaɗin bishiya 50 ɗin nan ne yake ta yi mini yawo a zuciya. Tun 1916 aka kafa Sabon Ibadan, amma har gobe wasunmu haya suke biya suna cewa baɗi za su koma gida. Da mu aka gindaya wa wannan sharaɗi, me za mu nuna? Allah Ya sa mu dace.